Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Za a Koyar da Darasin Ruwan Asid da Gine-ginen Tarihi a Ƙaramar Sakandare

Karon farko da na koyar da wannan darasi a aji biyu na ƙaramar sakandare, da alli na shiga da kwalbar ruwan khal, wato binega, domin abin da na gani a rubuce ke nan: a jefa alli cikin khal, yara su ga yana tafarfasa yana narkewa kamar yadda dutse ke yi idan ruwan asid ya daɗe yana dukansa. Na jefa. Allin ya sha ruwa ya yi laushi, amma kumfa ko ɗaya bai tashi ba. Sai daga baya na gano cewa allin makaranta da yawa da jipsom ake yin sa, abin nan da ake silin ɗin POP da shi, kuma khal ba ya tayar masa da kumfa. A ranar dai, kafin a buga ƙararrawa, wata yarinya da ke zaune kusa da taga ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ganuwarmu ma ruwan asid ne ya cinye ta?" Wannan alli da wannan tambaya su suka sa na sake tsara darasin tun daga tushe, kuma tsarin ne nake miƙa wa 'yan'uwana malamai a nan.

Abin da nake nema a ƙarshe shi ne yaron Zariya ya ɗauki dutse a hannunsa ya iya cewa asid zai ci wannan ko ba zai ci ba, ya kuma kawo dalili. Haddace sunan Taj Mahal abu ne mai sauƙi, kuma sati biyu ya isa a manta shi. Aikin zai ci zama uku a aji, da 'yan mintuna na duba kofuna kullum har mako guda, da fita ɗaya. Zango na uku ya fi dacewa, domin a lokacin damina ta kankama.

Abin da malami zai riƙe kafin ya shiga aji

Ma'aunin pH, wanda ake auna ƙarfin tsami da shi, daga 0 yake zuwa 14. Bakwai shi ne tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da bakwai asid ne, abin da ya haura kuwa ɓangaren kanwa da toka ne. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka ruwa mai pH 4 ya fi mai pH 5 ƙarfi sau goma, ya fi mai pH 6 sau ɗari. Ko a inda iska take garau, ruwan sama yana da ɗan tsami, wajen 5.6, domin yana haɗuwa da iskar kabon dayokzayid tun yana sama. Wanda ake kira ruwan asid yakan sauko zuwa wajen 4.2 ko 4.4.

Iska biyu ne ke jawo wannan. Ta farko salfa dayokzayid, wadda ke tashi idan an ƙona kwal ko man fetur ko gas mai farar wuta a ciki. Ta biyu dangin naitirojin okzayid, waɗanda injin mota da janareta da tashoshin lantarki ke fitarwa saboda tsananin zafin ƙuna. Idan suka haɗu da danshi da iskar shaƙa a sama sai su zama asid ɗin salfa da asid ɗin naitirik. Ba kuma sai an yi ruwa ba: iskar da kanta tana sauka a jikin dutse mai raɓa ta yi aikinta a nan.

Dutsen da abin ya fi shafa shi ne mai kalsiyam kabonet, wato dutsen farar ƙasa da ake siminti da shi, da mabul, da dutsen yashi idan farar ƙasa ce ta riƙe ƙwayoyinsa. Giranit, irin na dutsen Kufena da ke gefen Zariya da tsakuwar da ake zuba kankare da ita, yana da juriya ƙwarai. A nan akwai tarkon harshe da ya kamata a kauce masa. Wasu kan fassara mabul da "marmara", alhali marmara a bakin ɗan Zariya jan dutsen nan ne mai ramuka da ake tonowa a cike hanya da shi. Idan kuka ce marmara, shi yaro zai hango. Ku ce mabul, ku kuma nuna shi a hannu.

Kayan aiki

Kusan komai yana kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ko a madafin gida. Farin ruwan khal kwalba biyu ko uku, lemon tsami, tsamiya, kanwa, busasshen zoɓo cikin tafin hannu biyu, ashana, kyandir, balan-balan, tsinken shan lemo, da kwalba mai faɗin baki da murfi. Kofuna kuwa a yanke gindin robobin ruwa, sun wadatar kuma ana ganin abin da ke ciki. Ku sa yara su tara ɓawon ƙwai tun mako guda kafin darasi, a wanke a shanya. Mai shayin unguwa zai ba su cikin leda kyauta. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɓawon ƙwai kalsiyam kabonet ne, shi ya sa ya fi alli aminci. Ɓawon katantanwa ma yana yi.

Mabul shi ne mai ɗan wuyar samu. Ku je wurin masu sayar da tayil ko masu aikin daɓen tarazo ku roƙi ɓaraguzai. Kada ku yarda da sunan da mai shago ya ba shi, don ana kiran tayil mai sheƙi da giranit duka mabul. Ku kankare gefensa da ƙusa, ku ɗiga khal a kan garin. Idan ƙananan kumfa suka tashi, shi ne.

Abu biyu ne za a kashe musu kuɗi idan da hali: takardar auna pH mai canza launi, wadda ake samu wurin masu kayan ɗakin gwaji, da ƙaramin sikelin batir mai nuna ɗigon giram, irin na masu zinari. Idan makaranta ba ta da su, babbar sakandaren da ke kusa takan ba da aro.

Magana ɗaya ba ta da sassauci. Kada ruwan batir ya shigo aji, ko da an tsarma shi, ko da wani yaro ya ce yayansa mai cajin batir ne zai kawo kyauta. Shi ne asid ɗin salfa na ainihi, yana ƙona fata yana makanta ido. Ba a kuma ɗanɗana komai a lokacin gwaji, ko da abin madafi ne. Ku ajiye bokitin ruwa mai tsabta a gaban aji saboda wanke ido idan khal ya fallatsa. Sannan duk gwajin da ke ƙasa, ku yi shi a gida tukuna da ainihin kayan da za ku kai aji.

Zama na farko: tsami da kanwa

Kada ku fara da kalmar asid. Da yawa cikin yaran, da sun ji ta sai ruwan batir da labaran watsa wa mutane shi su faɗo musu, wasu kuma sun taɓa jin jita-jitar cewa ruwan asid zai sauko ya ƙona fatar wanda ya daka. Ku fara da tambayar abubuwa masu tsami da suka sani a gida. Za su ce lemon tsami, tsamiya, nono, ruwan tsamin da ake tuwo da shi. Ku tambayi 'yan matan me ake sa wa miyar yakuwa idan tsami ya yi yawa. Za su ce kanwa. To sun riga sun san rabin darasin, suna kawai ya rage a sa masa.

Ku jiƙa zoɓo da ruwan zafi tun a gida, ba sukari ba citta, ku tace, ku ƙara ruwa har launin ya yi haske ana hango yatsa ta bayan robar. A aji ku raba shi kofuna huɗu. Na ɗaya a bar shi. Na biyu a matsa lemon tsami, na uku a zuba khal, za su ga jan ya ƙara fitowa. Na huɗu a riƙa ɗiga ruwan kanwa da ya kwanta, jan zai dushe ya koma duhu mai ratsin kore. Daga nan ku zuba khal a kan na huɗun, jan ya dawo. Ajin yakan kaure da murna a wannan wuri, ku bar su su yi ta.

Sai ku zana dogon layi a allo daga 0 zuwa 14, yara su fito su sanya abubuwa: lemon tsami wajen 2, khal wajen 2.5, ruwan asid wajen 4.3, ruwan sama na yau da kullum 5.6, tataccen ruwa 7, kanwa can sama. Da sun ga inda ruwan asid ya tsaya, tsoron ƙonewar fata ya kau, tunda lemon da suke matsawa a shayi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai wata tambaya ta taso da kanta, ku rubuta ta a kusurwar allo ku bar ta ba amsa: abin da bai kai lemon tsami ba, ta yaya zai ci dutse?

Zama na biyu: yadda hayaƙi ke shiga ruwa

Wannan gajere ne, minti ashirin ya ishe shi. Ku zuba ruwa kamar kaurin yatsa biyu a kwalba, ku auna da takardar pH, ku manna takardar a allo. Yaro ɗaya ya hura numfashi cikin ruwan ta tsinken lemo na minti biyu, a sake aunawa. Lambar za ta ɗan sauka, kuma wannan shi ne dalilin 5.6 ɗin nan.

Ku zubar, ku sa sabon ruwa. A buɗe tagogi, masu asma su koma baya. Malami da kansa zai haɗa tsinken ashana huɗu ko biyar ya ƙyasta, ya zura su cikin kwalbar a daidai lokacin da kan ke fashewa da wuta, ya zaro ya rufe da sauri ya girgiza. Kada tsinken ya faɗa ruwan, domin toka tana kashe tsami, za ta ɓata sakamakon. A maimaita sau uku a auna. Warin nan mai shaƙe hanci na farar wutar da ke kan ashana ne, kuma ita ce iskar da ke fita daga bututun masana'anta mai ƙona kwal. Idan babu takardar pH, ku ɗiga wa tsararren zoɓo kanwa kaɗan har jan ya fara gushewa, ku yi gwajin a kansa ku nemi dawowar jan.

Sauran lokacin ku sa su lissafa inda hayaƙi ke tashi tsakanin gidansu da makaranta: janareta, tireloli a hanyar Kano da ta Kaduna, acaɓa da keke, injin niƙa, bolar da ake cinna wa wuta.

Zama na uku: kofunan duwatsu

Nan ne zuciyar darasin, don haka ku nemi firiyod biyu a jere. Ku raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da abu ɗaya: ɓawon ƙwai, ko mabul, ko tsakuwar giranit, ko tubali. Tubalin yara ne za su cura shi da jar ƙasa, ƙanana kamar goro, su shanya kwana uku kafin ranar. Kada a yarda wani ya ɓantaro daga jikin ganuwa ko tsohon gini. Idan ajin babba ne, rukuni biyu su ɗauki abu ɗaya, hakan ma ya fi, don za a kwatanta sakamakonsu.

Kowane rukuni kofi uku: na ruwa zalla, na khal da aka tsarma kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, da na khal tsantsa. Yawan ruwan ya zama ɗaya a duka ukun, girman dutsen ma ya yi kusa da juna. Ku tsaya ku tambaye su amfanin kofin ruwa zalla, kada ku wuce sai wani ya gano cewa in babu shi ba za a san ko tsamin ne ya yi aikin ko jiƙewa kawai ba. A ganina wannan fahimta ta fi duk abin da ke cikin darasin daraja, domin za ta bi yaro zuwa kowane gwaji da zai yi nan gaba.

Kafin a jefa komai, a auna nauyin kowane dutse a rubuta, a zana siffarsa, a shafa shi da yatsa a faɗi yadda yake. Sannan kowane yaro ya rubuta hasashensa a littafi da biro. Sai a jefa, a duba bayan minti biyar, da ƙarshen firiyod, da washegari, da kwana na uku, da na bakwai.

Ga abin da za ku gani. Ɓawon ƙwai a khal tsantsa zai lulluɓe da kumfa nan take, cikin kwana ɗaya ko biyu sai tantanin ciki ya rage yana yawo. Mabul zai riƙa sakin ƙananan kumfa a hankali, sheƙinsa ya mutu, kaifin gefensa ya dakushe. Giranit zai fito kamar yadda ya shiga. Tubali kuwa zai ruguje a duka kofuna ukun, har da na ruwa zalla, kuma kusan lokaci ɗaya. Kada ku yi bayanin wannan yanzu, ku ce su rubuta su ajiye.

A rana ta bakwai a ɗauraye duwatsun, a shanya su yini guda a rana kafin a sake aunawa, in ba haka ba nauyin ruwa zai ɓoye asarar. Wani lissafi da zai taimake ku: mililita 100 na khal mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ba zai narkar da abin da ya wuce kimanin giram 4 na kalsiyam kabonet ba. Saboda haka gutsuren mabul kada ya wuce giram 10, kuma idan kumfa ta tsaya a kwana na uku, ƙarfin khal ɗin ne ya ƙare, a canza sabo a duka kofunan tare. A allo ku yi jadawali: nauyin farko, nauyin ƙarshe, abin da ya ɓace, da kasonsa cikin ɗari. Malamin lissafi zai ji daɗi idan kuka gayyace shi wannan rana.

Yara za su tambayi mene ne kumfar. Ku daka ɓawon ƙwai cokali biyu, ku zuba a robar lemo da khal, ku sa balan-balan a bakin. Zai ɗan kumbura. Iskar kabon dayokzayid ce, wani ɓangare na dutsen ne ya tashi ya bi iska.

Akwai ƙarin gwaji da nake so ƙwarai idan an samu kuɗin ƙwai. A ɗauki ƙwai mai jan ɓawo a dafa, a rubuta harafi a jikinsa da narkakken kyandir, a tsoma a khal na awa ɗaya ko biyu, a fito a goge a hankali. Inda babu kyandir launin ya tafi, harafin kuwa yana nan da launinsa, har yatsa na jin ɗan tudunsa. Da wannan za su gane yadda rubutu da zane a jikin dutse ke shafewa tun ginin bai nuna alamar faɗuwa ba.

Gaskiya biyu da ya wajaba a faɗa wa yara

Ta farko, khal ya fi ruwan asid ƙarfi fiye da sau hamsin. Mun matse aikin shekaru cikin mako guda ne don ido ya gani. Amsar tambayar da ke kusurwar allo ke nan: yau da gobe ya sa allura ginin rijiya.

Ta biyu, abin da ke faruwa a kofinmu ya ɗan bambanta da na jikin gini. Asid ɗin salfa idan ya haɗu da kalsiyam kabonet, jipsom yake haifarwa:

CaCO3 + H2SO4 → CaSO4 + H2O + CO2

Jipsom ya fi dutsen asali saurin narkewa a ruwa kusan sau ɗari. A gefen ginin da ruwa ke duka, sai ya wanke ya tafi da fatar dutsen. A lungun da ruwa ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin baranda, sai ya taru ya kama baƙin hayaƙi ya zama baƙin ɓawo, daga baya ya kumbura ya ɓare ya bar dutse mai gari. A nan nakan ɗaga allin nan da ya ƙi yin kumfa in ce musu, ga abin da fatar mabul ke komawa. Yaro ya goga shi a tafin hannu ya ga yadda yake zuba.

Yanzu lokacin labaran nesa ya yi

Bayan sun gani da idonsu, hotuna a waya ko a takarda za su yi ma'ana. Wani masanin sinadarai ɗan Sikotlan, Robert Angus Smith, shi ya fito da sunan ruwan asid a 1872, bayan ya daɗe yana nazarin ruwan birnin Mancesta da masaƙunta masu ƙona kwal. A majami'ar Sen Pol da ke Landan, magina sun cike wasu ramuka a saman dutsen farar ƙasa da darma, daidai da fuskar dutsen. Bayan kimanin shekara 250 darmar ta tsaya tsororo, dutsen da ke kewaye da ita ya zaizaye kusan santimita 2. Ku sa yara su nuna santimita 2 a rula, su raba da 250.

A Atens ta ƙasar Girka, a kan tsaunin Akirofolis, akwai ginshiƙan mabul da aka sassaƙa da siffar mata, sun fi shekara 2,400 da sassaƙawa. Hayaƙin birnin ya ci fuskokinsu har a 1979 aka kwashe biyar da suka rage a wurin aka shigar da su ɗaki, aka kafa kwaikwayonsu a madadinsu. Taj Mahal kuwa, wanda Sarki Shah Jahan ya fara ginawa a Agra ta Indiya a 1632 da farin mabul na Makrana, hayaƙi da ƙura sun sa farinsa ya soma rinewa. A watan Disamba na 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci masana'antu 292 da ke yankin su bar kwal su koma iskar gas, ko su tashi.

Ku kuma nuna musu cewa hayaƙi ba ya sanin iyakar ƙasa. Na Ingila da Jamus ya riƙa sauka a tafkunan Suwidin da Nowe yana kashe kifi, abin da ya kai ga yarjejeniyar Janiba ta 1979, kuma tun daga nan salfar da ke iskar Turai ta ragu sosai. Yara su san cewa ɓarna ce da mutane suka iya ragewa.

A gida Najeriya, farar ƙasa tana Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Obajana a Kogi, mabul kuma yana Jakura da Igbeti. Sassaƙaƙƙun duwatsun Ikom a Kuros Riba yawancinsu baƙin dutsen aman wuta ne, wasu kuma farar ƙasa. Ku tambaye su waɗanne ne suka fi shiga haɗari. A yankin Neja Delta, inda ake ƙona iskar gas a fili dare da rana, mazauna sun daɗe suna kukan cewa rufin kwanonsu na saurin tsatsa.

Auna ruwan Zariya

Ku zaɓi yara biyar ko shida daga wurare daban-daban, misali cikin birni, Sabon Gari kusa da tasha, Samaru, da Wusasa. Kowa ya ɗauraye roba mai faɗin baki, ya ɗora ta a kan turmi ko kujera a tsakar gida, nesa da indararo da inuwar bishiya, sai an fara ruwa zai buɗe ta. Ya juye a kwalba mai murfi ya kawo da safe, a auna a ranar. A yi haka sau biyar ko shida.

Kada ku yi mamaki idan lambar ta tsaya wajen 6 ko ma ta haura, musamman a ruwan farkon damina. Ƙurar Sahara da ke cika sararinmu tana ɗauke da sinadaran da ke kashe tsami, kusan aikin da kanwa ke yi a miya. Takardar pH kuma ba ta iya rarrabe 5.6 da 6 sosai. Duk abin da ya fito shi za a rubuta. Na roƙe ku, kada a murɗa sakamako don ya dace da taken darasi, domin yaron da ya ga malaminsa ya gyara lamba ba zai sake yarda da gwaji ba.

Fita zuwa ganuwa

Ku nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, ku sanar da mai unguwa, ku tafi da malami namiji da malama mace. Ku zaɓi inda ragowar ganuwa ke tsaye kusa da ɗaya daga ƙofofi, ko Ƙofar Gayan ko Kuyambana ko wadda ta fi kusa da ku. Ba hawa, ba ɓantara. Kowane yaro ya rubuta duk abin da ya ga yana cin ganuwar. Za su ga kwararon da ruwa ya yanka daga sama, da gindin da ruwa ya kwanta ya rarake, da ramukan da aka ɗebi ƙasa don gini, da saiwoyi, da bola, da turbar mutane da dabbobi.

A nan ne za ku ce su buɗe littafi su karanta abin da ya faru da tubali a kofin ruwa zalla. Amsar tambayar yarinyar nan za ta fito daga bakinsu: ginin ƙasa ba ya jiran asid, ruwa kawai da rashin gyara sun ishe shi. Idan kun samu dattijon magini ya raka ku, ku gabatar da shi da girmamawa, yara su gaishe shi su tambaye shi, "Baba, da can yaya ake kare gini daga damina?" Zai ba su labarin yaɓen shekara-shekara, da makubar da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, da laso, da yadda ake fitar da indararo nesa da bango. Ku tuna musu da ƙwan kyandir. Ku kuma ambaci Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda a shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini.

A hanyar dawowa ku sa su nemo abin da asid zai iya ci a Zariya idan hayaƙi ya ƙaru: allunan mabul na ƙaddamar da gini a jikin makarantu da masallatai, daɓen tarazo, filastar siminti, rufin kwano. Idan Kufena na hangowa, ku nuna shi ku tambaye su a wane kofi yake.

Gwada fahimta

Na fi son tambayar da ba ta cikin littafi. Ku miƙa wa yaro dutsen da bai taɓa gani ba da kwalbar khal, ku ce unguwarsu za ta kafa allon tunawa a bakin titi mai yawan tireloli, ya gwada ya ba da shawara a rubuce cikin layi biyar. Ku tambayi wani me ya sa baƙin ɓawo ke taruwa ƙarƙashin baranda amma ba a gefen da ruwa ke duka ba. Ku tambayi wata me za ta ce wa ƙanwarta idan ta ji tsoron fita cikin ruwan sama.

Ragowar khal a zubar da shi a magudana a bi da ruwa. Sai ku ware gutsuren mabul ɗaya da ba a taɓa jiƙawa ba, ku auna shi, ku sa a kwalba da ruwan saman da yara suka tara, a riƙa canza ruwan duk lokacin da aka yi sabo. Ku rubuta nauyinsa da kwanan wata da sunan ajin a jikin murfin, ku ajiye a ofishin malamai, ajin baɗi su shanya shi su sake aunawa.